Gurbin Yatsa a Ƙafar Yaro

Sabon Gari, Maraɗi

Baba Abdu, salamu alaikum. Ni ce Tasalla, surukar abokinka Baba Zakariya'u. Ina faɗi, maƙwabciyata Khaulat na rubutawa. Bayan gaisuwa, so nike ka zo ka tafi da Baba can wurinka Tsibiri, ko da na wata guda.

Tun da na yaye yarona Baba ya canza. Kullum da safe sai ya ɗauke shi, ya danna mishi babban yatsa a bayan ƙafa, ya ɗaga, ya tsura wa wurin ido. Ya shafa gashinshi yana wata magana da ba Hausa ba. Ya daina cin tuwo, turo mini kwanon yake. In na tambaya, sai ya ce "kai shi likita". Yaron da ko zazzaɓi babu, ga ƙiba, kumatu sun cika!

Tsoro nike ji, kar wani abu ne ya biyo shi daga yaƙin da kuka yi a Najeriya. Na gaya wa maigidana, yana Agadas, ya ce tsufa ne. Na gaya wa innata, ta ce in ɓoye yaron.

A huta lafiya.

Tsibiri

'Yata Tasalla, wa alaikumus salam. Gwiwoyina ba su kai ni Maraɗi yanzu.

Muna samari muka ƙetara iyaka, muka sa kakin ƙasar da ba tamu ba. Harbin duk na manta. Yaran ne ban manta ba. Kowane garin Ibo muka shiga, ga su a kumbure, gashi ya yi ja. Wata mai jinya ta koya mana: danna, in gurbin ya zauna, yunwa ce ta cinye jiki. Zakariya'u ya ɗauki goma sha ɗaya zuwa mota da hannunshi. Uku suka rayu. Maganar da kike ji, rarrashi ne, wurin uwayensu ya koya.

Kar ki ɓoye yaron. Danna da kanki. Allah shi yi miki albarka.

Maraɗi

Baba, ina gaisuwa. Na danna. Gurbin ya zauna.

Kwananmu shida a likita, madara suke ba shi. Kumburin ya sace, ya koma ɗan firit, sun ce haka ake so. Baba Zakariya'u bai bar bakin ƙofa ba. Yau ni na miƙa mishi yaron. Ya danna, wurin ya taso. Sai ya tambaye ni ko akwai sauran tuwo.

'Yarka, Tasalla.