Cajar Moto Ta Tayar Mana da Rabon Gado

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah ka sakaya sunana, akwai dangina a cikin gurup ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara 'yan uwa, abu ya sha mini kai, ni da na nemi sauƙi sai ga shi ina neman raba mahaifiyata da ɗakinta.

Ni ɗan kabu-kabu ne a Konni, da babur nake ɗaukar fasinja. Da mai ya yi tsada, har na kwalba da muke saya a bakin hanya ya daina yi mana rangwame, sai na sayar da tsohon motona na cika na sayi moto mai caji, babur ɗin nan na lantarki. Abokan aiki suka yi ta tsokanata wai na zama aljani, ba a jin zuwana sai dai a gan ni, ni kuwa ko a jikina tunda na huta da mai. Matsalar ɗaya ce, caji. Shagon da ake yi kusa da tasha kullum layi, da an kawo wuta kowa ya rugo, sai ka zauna kana kallon fasinja suna hawa na wasu. Na gwada jonawa a soket ɗin gida, waya ta yi zafi har Inna ta fito tana tambayar mene ne ke ƙauri.

Ana nan sai muka ji labarin wani furoje, wato shiri na tallafi, wai duk wanda ya kafa caja ta gaske a gidansa, irin akwatin nan da ake mannawa a bango, za a mayar masa da rabin abin da ya kashe. Ban yi wata-wata ba na kira mai haɗawa ya kafa mini a zaure, kuma wallahi tana aiki, da an kawo wuta kafin in gama cin tuwo batir ya yi nisa. Na ɗauki hotonta na tafi buro, wato ofishinsu, ina murna. Matar da ke karɓar takardu ta duba, ta ce komai ya yi, saura abu guda, dole sunan da ke kan kontar wuta, wato mita, ya zama sunan mai moton. Namu kuwa sunan Baba ne, Allah ya jiƙansa.

To ga inda gizo ke saƙa. Gidanmu na gado ne, ba a raba ba. Da Baba ya rasu mun zauna mun yi alkawari ba mai tayar da maganar rabo muddin Inna na da rai, domin gidan ƙarami ne mu kuma muna da yawa, in za a raba sai dai a sayar. Ni kaɗai nake ciki da iyalina tare da ita. Babban wanmu yana Malbaza yana tuƙin motar siminti, haya yake yi, 'yan uwana mata suna aure a Dogarawa da Illela. Ni a raina canza suna a konta ba wani abu ba ne, tunda dama ni ke biyan wutar. Maimakon in hau moto in je Malbaza in durƙusa gaban Yaya kamar yadda ƙane ke yi, sai zumuɗi ya kwashe ni na yi saƙon murya a gurup ɗinmu na gida, har da dariyata, na ce zan mayar da konta sunana a ba ni kuɗin Nasara.

Na manta cewa a unguwarmu an taɓa yin wani da ya kwashi takardun biyan wuta masu sunansa ya kai gaban alƙali a rigimar gida. Ko su suka ba shi gaskiya ko ba su ba, oho, amma tun daga nan kowa ya riƙe cewa mai suna a konta shi ne mai gida. Kuma 'yan uwana mata ba su kaɗai suka saurari saƙon ba, da mazajensu suka ji. Kafin la'asar waya ta ɗau zafi. Wadda ke Dogarawa ta ce dama ta lura na fara gyaran zaure, wadda ke Illela ta ce yau konta gobe takardar fili. Yaya kuwa da na kira shi sai ya ce shi yana can yana shaƙar ƙurar siminti yana biyan haya, ni ina kwance a gidan uba kyauta, bai taɓa magana ba, yanzu kuma suna nake so. Ya ce tunda na iya kai magana gaban jama'a, to a gaban jama'a za a ƙare ta, a raba kowa ya san nasa.

Na san wasu za su ce in sa konta ta biyu da sunana. Na tambaya, sai da sa hannun magada, kun ga an koma gidan jiya. Wasu za su ce in haƙura da tallafin. Wallahi na haƙura tuni, na faɗa a gurup, na rantse, na goge saƙon, na tafi Malbaza da ƙafata na zauna a ƙofar Yaya har ya dawo daga aiki. Ya ba ni ruwa, ya tambayi yara, da na ɗauko maganar sai ya ce ta wuce hannunsa, ya riga ya gaya wa Baffa, ƙanen Baba da ke Illela, kuma Baffa ya sa ranar Juma'a mai zuwa a taru. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na gane ba cajar ba ce kaɗai. Kowa na da buƙatarsa da ya daɗe yana dannewa saboda kunyar Inna, wannan na son fili, waccan mijinta na son jari, ni na buɗe musu ƙofa da bakina. Har wani dillali ya zo yana leƙen katangarmu, ban san wanda ya turo shi ba.

Ina jin haushinsu, ina jin haushin kaina, har furojen nake jin haushi, da suka zauna a buro suka tsara doka kamar kowa shi kaɗai ya fito daga cikin uwarsa. Moton ma yanzu in na hau ba na jin daɗinsa. Jiya na wuce fasinja yana ɗaga mini hannu ban gan shi ba sai da abokina ya yi mini ihu.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na samu sauƙi. A ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan ta haife mu duka, ƙaunar bishiyar dalbejiyar tsakar gida take kamar ɗa don Baba ya dasa ta. Yau da safe ina ciro moto daga caji ta fito da butarta ta tsaya tana kallon akwatin, sai ta ce, "Ɗan nan, wanga abu naka, in an saida gidan ana cire shi ko da shi za a saida? In ana cirewa ka cire tun yanzu, kada ka yi hasara."

Na kasa ɗaga kai in dube ta. Ita ake shirin fitarwa, ita ke tunanin asarata.

Don Allah 'yan uwa, wa zan kama ya tsayar da wannan zama? In je wurin Baffa kafin Juma'a, ko hakan zai ƙara nuna kamar ina da wata manufa? In cire cajar in kai wa Yaya ya gani da idonsa, ko ba ta da sauran amfani? Wanda ya taɓa ganin an fara maganar rabo aka fasa ya gaya mini yadda aka yi. Kuma kafin nan, in na koma gida anjima Inna ta sake tambayata, ku gaya mini me zan ce mata.