Wa Ya Fara Ganin Hazama?

Ofishin kulob, 5 ga Nuwamba

Zuwa ga Maigida Isogai,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin bana bai fara taɓa maka gwiwa ba. A gaishe mini da Inna Fumie. Na ɗauki biro da takarda ne domin na san saƙon waya sai ya kwana bakwai ba ka buɗe shi ba.

Washegarin ranar zaɓen sababbin 'yan wasa, sabon shugaban sashenmu, Mista Kanzaki, ya kira ni ofishinsa. Ya ce in bi diddigin duk ɗan besbol ɗin da kulob ɗinmu ya zaɓa cikin shekara ashirin da biyar, 'yan sakandare da 'yan jami'a da na kamfanoni: wasa nawa kowa ya buga a rukunin manya, shekara nawa ya yi kafin a sallame shi, kuma wane ne cikinku masu zaƙulo 'yan wasa ya kawo shi. Mutum ɗari da saba'in da takwas. A ƙarshe in jera ku, ku goma sha ɗaya, daga na sama zuwa na ƙasa. Bai ɓoye mini ba, na ƙarshe ba za a sabunta masa kwantiragi a Disamba ba.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni fa sakandare kawai na gama." Ya ce, "Ƙirga na ce ka yi, Sugaya, ba lacca ba."

Na ƙirga sau uku, na uku da fensir domin ban yarda da na'urar ba. Kai ne na goma sha ɗaya. Suna talatin da ɗaya ke ƙarƙashinka, ashirin da biyu ba su buga ko wasa ashirin a rukunin manya ba. Layi na huɗu a jerinka ni ne: Sugaya Norifumi, mai cafke ƙwallo, zagaye na biyu na zaɓe, shekara shida, wasa goma sha ɗaya, bugu biyu masu kyau.

Na lura da wani abu, kuma ina jin kunyar faɗarsa. Idan na fara ƙirgar daga shekara ashirin da biyu maimakon ashirin da biyar, ni da wasu uku za mu fita, kai kuma ka hau na goma. Ba na jin Mista Kanzaki zai kula. Ban yi ba tukuna. Ranar ashirin da takwas zan miƙa. Ka gaya mini abin da zan yi.

Ka huta lafiya.
Yaronka, Sugaya

*

Matsuyama, 9 ga Nuwamba

Sugaya,

Muna gaishe ka. Gwiwata lafiyarta lau, ta fi hannunka na dama. Takardarka ta iso da duk nishin da ke cikinta.

Kada ka kuskura ka cire kanka. Sau tara na shiga jirgin ruwa zuwa tsibirinku don in ga yadda kake jifa daga durƙushe. Na zauna a kan dugadugaina a gaban mahaifinka har ƙafata ta mutu, sai da kai ka ɗaga ni, ko ka manta? Wannan wahalar ba za ka goge mini ita da abin goge fensir ba.

Tun kana aji biyu na ga ba ka iya bugun ƙwallo mai lanƙwasa ba. Na ce wa kaina za ka koya. Ba ka koya ba. Kuskurena ne, nawa ne na kaina, ka bar mini abina a inda yake.

An ce ashirin da biyar, ka rubuta ashirin da biyar. Shekarata sittin da takwas. Dole wani ya zama na goma sha ɗaya, kuma gara tsoho.

Fumie ta aika maka da kwalin lemu. Ka raba a ofis, kada ka ɓoye ƙarƙashin tebur har su ruɓe kamar bara.

Isogai

*

Ofishin kulob, 14 ga Nuwamba

Zuwa ga Maigida,

Ina gaisuwa, da godiyar lemu. An raba, na ci biyu. Na bar sunana a layi na huɗu kamar yadda ka ce.

Amma ga wata sabuwa. Kai ka sa ni rubuta abin da ya faru kullum tun ina ɗan sha takwas, kuma ban fasa ba, littafi na arba'in da uku nake ciki. Ranar Lahadi na sauko da na shekaru bakwai ɗin da na yi ina tuƙa ka bayan an sallame ni daga wasa. Ba wani abu nake nema ba, ina jin kewa ce kawai. Ga abin da na tarar a littafi na goma sha biyar:

"14 ga Mayu. Uwajima. Yayyafi. Maigida ya tsaya bayan raga awa biyu yana kallon wani dogon mai jifa, Hazama, ɗan aji ɗaya. Bai rubuta komai ba. A mota ya ce kada in gaya wa kowa. Mun ci taliya."

Bayan wannan mun koma Uwajima sau goma sha ɗaya. Duk suna nan da kwanan wata. Amma a rajistar kulob, Hazama, wanda ya ci mana wasa ɗari da arba'in, a ƙarƙashin abokin aikinka Nagumo yake, kuma shi ya ɗora Nagumo a matsayi na ɗaya. Nagumo kuwa littafina ya nuna sau ɗaya ya taɓa zuwa Uwajima kafin zaɓe, kuma ya yi barci a kujerar baya.

Sai na ci gaba da bi. Na sami wasu huɗu irinsa. Biyu suna ƙarƙashin wani abokin aikin naka, Terashima, har da Oribe da ya yi mana shekara goma sha uku a tsakiyar fili. Na kuma sami akasin haka: mutum tara a jerinka waɗanda ba mu taɓa zuwa kallonsu ba sai bayan an zaɓe su.

Idan na mayar da kowa wurin mai shi, kai ne na biyu. Na sake dubawa ko ni ne na ruɗe, domin na sha ruɗewa. Ban ga inda na ɓata ba. Maigida, ta yaya haka ta faru ina riƙe da sitiyari ban taɓa lura ba?

Ina jiran amsarka.
Yaronka, Sugaya

*

Matsuyama, 18 ga Nuwamba

Sugaya,

Lafiya muke. Na yi nadamar ranar da na saya maka littafin farko.

Tunda ka tambaya, ga yadda abin yake. Rajista ba ta rubuta wanda ya fara gani. Tana rubuta wanda ya je gidan bayan zaɓe, ya kai hular kulob da ƙwallon da koci ya sa wa hannu, ya gaishe da iyaye. Haka na tarar da ita, haka kowa ya tarar.

Gidan su Hazama kowa zai iya zuwa, ƙofa a buɗe take, da 'yan jarida a waje. Nagumo sabon shiga ne a shekarar, har ana maganar mayar da shi sashen sayar da tikiti. Sabon ma'aikaci yana bukatar suna ɗaya babba kafin a fara sauraronsa a taro. Ni ma haka marigayi maigidana ya yi mini. Na tura shi, aka ɗauke shi hoto, ga shi yau ya fi ni ido.

Su taran kuwa gidajensu ne masu wuya. Wani ubansa ya rantse jami'a zai je. Wani kafaɗarsa na ciwo kuma uwarsa ta sani. Irin wannan gida ba a tura matashi, domin wanda ya karɓi ɗan mutane shi zai koma bayan shekara uku ko huɗu ya ce musu an sallame shi. Na koma gidaje ashirin da biyu. Na iya, su ba su iya ba.

Yanzu ka gama ƙirgarka har ƙasa. Idan na hau na biyu, wa ya sauka na goma sha ɗaya? Ba ka rubuta mini ba, amma na san ka gani. Terashima ne. 'Ya'yansa uku, babbar tana shirin jami'a. Abin da na ba mutum shekara goma sha shida da suka wuce ba zan miƙa hannu in karɓe ba. Ka mayar da littattafanka saman kabad. Wannan umarni ne.

Isogai

*

Matsuyama, 19 ga Nuwamba

Ɗana Norifumi,

Ina gaishe ka da matarka Yoshie da yara. Ka yi haƙuri da rubutuna, a kan teburin kicin nake yi kafin tsohon ya dawo daga yawon safe. Bai san da wannan takarda ba.

Na karanta taka, domin ya bar ta a aljihun riga. Na ce masa, "Kai Baba, wai da gaske ka shirya zama a gida?" Ya ce, "Me zai hana? Zan yi noman tumatir." Na ce, "Kai da ba ka san inda bokiti yake ba?" Ya ce, "Zan tambaya." Ya juya baya.

Ga abin da bai gaya maka ba. Makon jiya ya sayo sabon takalmin tafiya, ya ɓoye shi bayan injin wanki. Ya riga ya zana jadawalin wasannin bazara na Kochi da Tokushima a bayan kalanda, da ƙananan haruffa don kada in gani. Shekara arba'in da biyu ina haɗa masa abincin tafiya, na san fuskar mutumin da ya gaji da aiki. Wannan bai gaji ba.

Ban ce ka saɓa masa ba, ban kuma ce ka cuci Terashima ba, matarsa ƙawata ce. Ni dai na gaya maka abin da ke bayan injin wanki. Kai ne mai tunani a nutse, ko da yake kana daɗewa.

Ka rufe wuyanka da kyau.
Innarka, Fumie

*

Ofishin kulob, 29 ga Nuwamba

Zuwa ga Maigida,

Ina gaisuwa, kuma ina neman afuwa tun daga layin farko. Ban mayar da littattafan saman kabad ba.

Kwana huɗu ina rubuta dalilan bin umarninka a shafin hagu, dalilan ƙi a shafin dama. Suka zo daidai, bakwai bakwai. Daga nan na daina ƙirga, na kira Nagumo da Terashima shagon shayin da ke gaban tasha, na ajiye musu shafukan.

Terashima ya karanta. Ya ce, "To shi ke nan, ni ne na ƙarshe ke nan." Nagumo ya daɗe yana kallon shafin Uwajima, can ya ce, "Kai Sugaya, har barcin da na yi sai da ka rubuta?" Na ce, "Har munsharin." Ya ce, "Mugun direba. Shekara goma sha shida ana tambayata me na gani a jikin Hazama, ni kuma ina ta ƙirƙiro amsa. Na gaji da ƙaryar nan. Yaushe za ka shiga wurin Kanzaki?" Terashima ya ce shi ba zai iya shiga ba, amma ba zai hana mu ba. Ban ga laifinsa ba.

Jiya na miƙa rahoton. Shekaru ashirin da biyar na jera su yadda aka ce, wadda ta yi albarka da wadda ta lalace, mutum ɗari da saba'in da takwas babu wanda na cire. Amma shafin jerin masu zaƙulowa ban sa lamba ko ɗaya ba. Na rubuta cewa rajistarmu tana nuna wanda ya je gidan ne kawai, cewa shekara bakwai ɗin da nake da shaidarsu sun saɓa mata a wuri goma sha huɗu, sauran goma sha takwas kuwa babu wanda ya sani. Don haka ba zan iya cewa ga na ɗaya ga na ƙarshe ba, ko kai ko Terashima.

Mista Kanzaki ya ce, "Wato wata guda ka yi don ka gaya mini ma'aunin ya karye?" Na ce, "E, ranka ya daɗe." Tare da Nagumo muka shiga. Nagumo ya ce, "Ni ne na ɗaya a wancan jerin, kuma ina gaya maka ban cancanta ba." Kanzaki ya karɓi littattafai bakwai ɗin, ya ce mu tafi.

Ban san abin da zai biyo baya ba. Mai yiwuwa na jawo wa Terashima, mai yiwuwa na jawo wa kaina, mai yiwuwa kuma ban cece ka ba. Abin da ya fi damuna shi ne akwai shafukan da na yi ƙorafin yadda kake ba da kwatancen hanya, kuma yanzu suna hannun shugaba.

Idan ba ka amsa ba, zan fahimta.
Yaronka, Sugaya

*

Matsuyama, 10 ga Disamba

Sugaya,

Muna lafiya. Ban yafe maka ba.

Kanzaki ya bugo jiya. Ya ce shin abin da ke littattafan gaskiya ne? Na ce na tsufa, ban tuna ba, amma mai rubutun bai iya ƙarya ba, kamar yadda bai iya bugu ba. Ba za a sallami kowa bana ba. An ba ni shekara ɗaya, Terashima yana nan, kai kuma an ce za a ɗora maka gyaran rajistar. Ka ja wa kanka.

Tunda gyara za ka yi, fara da naka kuskuren. Ka riga ka rubuta cewa ni na fara ganin Hazama. Ba ni ba ne. A watan Afrilu na shekarar Fumie ta je Uwajima duba ƙanwarta, tana jiran bas a bayan katangar makarantar ta ji ƙarar ƙwallo tana faɗawa safar hannun mai cafkewa. Ta dawo ta ce mini, "Akwai wani a can, je ka gani." Sai da na yi wata guda ina gardama.

Sa sunanta. Tana tsaye a kaina sai na rubuta wannan.

Isogai