Wata Bakwai Ne Ko Takwas?

Daga Tamanrasset, zuwa ga Yaya Zainabu.

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen Gangara. An fara girbin hatsi?

Ni lafiyata lau, sai ɗan kumburin ƙafa. Lissafi ne ya hana ni zama. Na ƙirga daga jinina na ƙarshe, gab da azumi, na samu wata bakwai. Jiya malamar likita ta auna cikin, ta ce, "Takwas ne, 'yata, kada ki kuskura ki hau mota."

Maigidana ya ce in haƙura in haihu a nan. Amma haihuwar fari ce, ga shi ba ni da kowa. Wa zai dafa mini ruwan wanka? Sau biyu ina ɗaure kayana ina kwancewa.

Don Allah ki je wajen Nana ungozoma, ki gaya mata cikin ya fara motsi ne a makon babbar salla. In ta ce bakwai, zan taho. In ta ce takwas, Yaya, ke ki taho. Kada ki gaya wa Inna ina jin tsoro.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Rakiya