Amanar Zulai

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwarta, ina roƙon Allah Ya sa makwancinki ya fi ɗakinki na duniya sanyi da faɗi. Baba yana nan lafiya, sai ƙafar da ke damunsa in an yi ruwa. Auwalu ya fi ni tsawo yanzu, shi ke kai wa Baba abinci rumfa ranar kasuwar Lahadi.

Inna, kin tafi ina shirin shiga makaranta a Sakkwato, ba ki ga abin da aka ba ni in karanta ba. Aikin ba da shawara ne, wato a zauna da mutumin da damuwa ta yi wa yawa, a saurare shi, a taimake shi ya ga mafita. Da na ce wa Kawu Sani ana kiran mai wannan aiki kansila, sai ya yi ta gaya wa mutane ɗiyar ƙanwarsa za ta tsaya takara a ƙaramar hukuma. Na san da kina nan da kin yi dariya har kin share hawaye da gefen mayafi.

Kin tuna kina kirana rediyo? In maƙwabta suka shigo da magana, kafin su kai ƙarshe na riga na ba su amsa, ke kuma ki ce, "Bari mutum shi ƙare tukuna, Hafsi." To abin da aka fara koya mana ke nan a aji. Malamarmu, Malama Binta, ta raba mu bibbiyu, ɗaya ta yi magana, ɗaya ta saurara kawai. Abokiyar zamana ba ta yi nisa ba na katse ta da shawara. Malama ta tsaya a kaina ta ce mai son ba da amsa da wuri yawanci kansa yake son ragewa nauyi. Na ji kunya ƙwarai ranar.

Abu na biyu da aka koya mana shi ne riƙon amana. Duk abin da mutum ya faɗa maka a ɗakin, a ɗakin zai tsaya. Sharaɗi ɗaya ne: in rayuwar wani tana cikin haɗari, dole a nemi taimako, kuma dole ka gaya wa mutum wannan tun kafin ya buɗe baki. Na haddace shi, na ci jarrabawarsa. A takarda abin yana da sauƙi.

Sai aka tura mu aikin gwaji, ni aka maido ni gida Illela, wata makarantar 'yan mata. Ɗakin da aka ba ni nan ake jibge karyayyun kujeru. Na share, na zaɓi biyu masu ƙafa huɗu, na ajiye su suna kallon juna. Ɗalibai sun ɗauka ɗakin horo ne, don haka ba mai zuwa sai wadda aka koro.

Haka aka koro mini yarinyar da zan kira Zulai. Ba sunanta ba ne, na kuma canza wasu abubuwa na gidansu, saboda masu karanta wasiƙar nan da yawa 'yan garinmu ne, Malama Binta ma ta duba kafin in fitar da ita ga jama'a. Laifinta barci a aji. Shekarunta ba su wuce sha biyar ba, siririya, idanunta ja. Na gaya mata ba dukanta zan yi ba, na gaya mata batun amana da sharaɗinsa kamar yadda aka koya mini. Ta gyaɗa kai. Ranar ba ta ce komai ba, ni kuma bakina yana ta ƙaiƙayi, na matse hannuwana a cinya na yi shiru.

Ta riƙa dawowa da kanta lokacin hutun tara. Wata rana ta zauna kawai, wata rana ta yi maganar lissafi da ke ba ta wuya. Ina komawa gida ina tambayar kaina ko aiki nake yi ko ɓata lokacin yarinya.

Wata Talata ta zauna ta ce mamanta ta haihu kafin azumi, kuma tun lokacin ba ta zama daidai ba. Ba ta barci, tana kuka ba a yi mata komai ba, wani lokaci ta ƙi ba jaririn nono ta ce ba nata ba ne. Babansu yana bin motar albasa zuwa kudu, sai ya yi makonni bai dawo ba. Kakarsu ta ce iska ce, ana turare ana ba ta rubutu, ta kuma hana kowa fitar da maganar don kar a ce akwai hauka a gidan. Zulai ke goyon jaririn, ita ke girki, ita ke gadin uwarta. Sai ta rage murya ta ce shekaranjiya da azahar ta fito daga kicin ta tarar da maman tsaye a bakin rijiya, jaririn a hannu, tana leƙa ciki. Ta kira ta ba ta amsa ba, sai da ta je ta karɓe shi.

Inna, na san abin da littafi ya ce, amma yarinyar tana gabana, ta ba ni abin da ba ta ba kowa ba. Na ce mata wannan ya kai sharaɗin da na gaya mata ranar farko, ba zan iya riƙe shi ni kaɗai ba. Ta ɗago ta kalle ni.

"Malama, ke ma? Kaka ta ce in na faɗi, ni na tona ma Mama asiri."

Na ce ba zan yi komai a bayan idonta ba, duk wanda zan kira a gabanta zan kira shi. Tana kuka na buga wa Malama Binta waya. Malama ta ce cutar sananniya ce, tana kama wasu mata bayan haihuwa, kuma tana da magani, amma kar a kwana ba a sa babba a ciki ba. Ta ce in tambayi yarinyar wa ta yarda da shi a danginta. Zulai ta ce goggonta, ƙanwar babanta da ke aure a Amarawa.

Da aka tashi makaranta muka tafi, ni da ita da wata malama babba da shugabar makaranta ta haɗa mu da ita. A hanya Zulai ba ta kalle ni ba. Goggon tana tankaɗe muka shiga, ta dube mu ta dubi yarinyar ta ce, "Mi yas same ki?" Na bar Zulai ta faɗa da bakinta. Matar ta ajiye rariya, ta ɗauki mayafi, ta kira yayanta, baban Zulai, a waya tun muna tsaye. A ranar ta koma gidan su Zulai da kwana, aka rufe rijiyar da kwano aka ɗora dutse. Da uban ya iso aka kai maman asibiti Sakkwato.

Akwai abin da ya hana ni sukuni tun ranar, shi ya sa na ɗauko alƙalami. Lokacin da kika haifi Auwalu ina ƙarama, na tuna an kai ni Araba wurin kaka na daɗe can, ba wanda ya gaya mini dalili. Kafin a tafi da ni na tuna kina zaune kin jingina da bango, ina ja miki zane ba ki duba ni ba. Inna, ko ke ma abin nan ne ya same ki? Wa ya zauna da ke? Na tambayi Baba sai ya ce abin ya wuce, ya miƙe ya ɗauki buta. Da na gaya wa Malama Binta, ta ce in kula kar in ɗora ciwona a kan na yarinyar, in nemi inda zan sauke nawa dabam. Ga shi na kawo miki.

Maman Zulai tana shan magani, an ce tana barci yanzu. Kakar kuwa mun haɗu a wani suna, na durƙusa na gaishe ta, ta kau da kai. Wannan bai dame ni ba kamar yarinyar. Ta daina zuwa ɗakin. In mun yi kiciɓis a baranda sai ta bi wata hanya. Na riƙa tunanin ko da wata dabara da ta fi wadda na bi, ko na yi gaggawa, ko na koya mata cewa kar ta ƙara yarda da babba. Har yau ban manta kallon da ta yi mini ba. Malama ta ce na yi daidai, na kuma san na yi daidai, amma sanin bai hana ni tsoro ba. Zangon gaba za a sake tura mu, kuma wata za ta zauna a gabana da nata nauyin.

Ranar da zan bar makarantar ina haɗa kayana sai na ji mutum a bakin ƙofa. Zulai ce. Ba ta shigo ba, ba ta gaishe ni ba. Ta riƙe ƙofar ta ce, "Malama, yau Mama da kanta ta yi ma jaririn wanka." Na ce alhamdu lillahi. Ta ɗan tsaya kamar za ta ƙara wani abu, sai aka buga ƙararrawa ta tafi. Ban san ko ta yafe mini ba, ban kuma bi ta na tambaya ba.

Innata, Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna kan duk abin da kika ɗauka ke kaɗai ba mu sani ba. Allah Ya ba maman Zulai lafiya mai ɗorewa, Ya raya jaririnta, Ya sanyaya zuciyar yarinyar nan a kaina. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin zama da mutane a ranarsu mai wuya, Ya tsare ni daga cutar da wanda ya amince da ni. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki kullum,
Hafsi