Farar Ƙwaya Cikin Baƙar Masara

Doña Casilda,

Ina gaishe ki da mutanen gida. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na kai hamsin na koya. Ranar Talata ɗanki Aurelio ya dawo mini da 'yata Nélida da jaririnsu, don yaron ya fito zabiya. Ba ta cin abinci, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya.

Na ji kina faɗa a kasuwa wai ba ta ɗaura jan ƙyalle a ciki ba ranar husufin rana, shi ya sa yaron ya fito haka. Ƙarya ne, da hannuna na ɗaura mata. Malamar asibiti ta ce abin gado ne, kuma ba ya fitowa sai an haɗa biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mutum yakan ɗauke shi a jini bai sani ba. Ke manomiya ce, kin sha ɓare baƙar masara ki ga farar ƙwaya a ciki.

Ki huta lafiya,
Eufemia

Eufemia,

Na amsa gaisuwa. Jiya kika koyi rubutu, yau har kin zama likita? Jikana ba masara ba ne, in ma jikana ne. A zuriyarmu ba a taɓa haihuwar irin wannan ba.

Casilda

Doña Casilda,

Gaisuwa kuma. Na bincika nawa gefen. Ƙanwar kakata zabiya ce, kuma ba na jin kunya. Saura naki.

Ina shekara bakwai nake kai itace gidan mahaifinki. Akwai ɗaki bayan rumbun masara da ba a buɗewa. Wata rana wani farin hannu ya miƙo mini lemo ta taga. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma ba zan faɗa ba.

Ranar Lahadi za a yi wa yaron baftisma. Ko Aurelio ya zo ko kada ya zo, ta tsakiyar kasuwa zan bi da yaron ƙarƙashin laima. Wannan ba za a kulle shi ba. Na gama magana.

Allah ya tsare,
Eufemia

Eufemia,

Mai farin hannun nan sunansa Tiburcio, yayana ne. Shekara sittin ban ambace shi ba. Ga malafarsa, ki ajiye wa yaron.

Aurelio zai zo. Laimar kuma ni zan riƙe.

Casilda