Ƙugiyoyin Littafin Baba

Litinin, 3 ga Maris
Sati na uku a ɗakin Baba. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ni ce hannunsa. Yau ya sa na sauko da littattafai tara da ya rubuta da hannu daga saman durowa, tarihin shekarunsa talatin yana koyarwa, wai in buga masa a kwamfuta. Na ce to. Me zan ce?

Laraba, 5 ga Maris
Shafi shida na buga, na juya masa allon ya gani. Sai ya hau dukan ƙafar gado da sanda. Da ƙyar maganar ta fito: "Kafa daban, ƙafa daban." To ni ina zan samo ƙugiya a madannan nan?

Abokiyar aikina ta koya min ta waya. In buga 0199, in danne Alt da X, sai ƙ ta fito. 0257 na ɗ ne, 0253 na ɓ. Na rubuta a takarda na manna a gefen allo. Harafi ɗaya, danni shida!

Asabar, 8 ga Maris
Duk inda na zo kalmar haƙuri sai wani ɗan akwati ya fito. Ashe na'urar tana haɗa harafin a ɗin da lambobin, sai na riƙa sa U+ kafin lambar. Shi kuwa Baba kowane shafi sai ya ambaci haƙuri.

Ɗakin nan warin man zafi kawai yake. Taga ɗaya, ita ma bangon maƙwabta take kallo.

Alhamis, 13 ga Maris
Oga ya kira. Ƙarshen wata hutuna zai ƙare, kuma kujera ba ta jiran mutum, in ji shi. Na gaya wa Yaya. Ya ce, "Ke kin fi mu iya shi, Auta." Ya aiko da lemo.

Juma'a, 14 ga Maris
Ban buga komai ba. Na shiga banɗaki na yi kukana.

Laraba, 19 ga Maris
Na yi wa Baba tsawa, Allah ya yafe min. Na ce in ƙugiyar ta dame shi ya zo ya sa da kansa. Ya kalle ni. Can sai ya ce in matso da teburin. Ya ɗora yatsan hagu a kan Alt. Na buga lambar, ya danne, na taɓa X. Da ɗ ta fito ya yi dariya har da miyau. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin asibiti.

Shafi biyu kacal muka yi. Gobe ma haka yake so.

Lahadi, 23 ga Maris
Abokiyar aikina ta zo dubiya. Ta ce ai wahalar banza nake sha, za a iya ba kowane harafi maɓallinsa, danni ɗaya an gama. Na fito da kwamfutar tsakar gida ta saita min, ko minti biyu ba ta yi ba. Da haka kwana goma ya ishe ni in gama littafin in koma aiki.

Da na dawo ɗaki na tarar Baba ya riga ya miƙo yatsansa yana jira.

Ban gaya masa ba. Na mayar da saitin yadda yake. Sabon zai iya rikita ni ne, shi ya sa. Gobe in rubuta wa Oga, ko zai ƙara min wata ɗaya.