Wanda Ya Ce Ya Ji

Garu, Dutse.
Ran Laraba, ashirin ga watan Gani.

Zuwa ga jikana, maigidana Muntaka, akawun wayar iska a filin jirgi na Kano.

Ga kacici-kacici tun kafin gaisuwa, tunda kai ne sarkin ji. Kunnensa biyu garau, bakinsa zuma, amma ya fi kurma cutar wanda ya faɗa rijiya. Wane ne? Riƙe shi a ranka, kada ka leƙa gindin takarda irin halinka na fara cin nama kafin tuwo.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina aiki, yaya zafin Kano? Yaya kunnuwan nan naka da ake ɗaure wa baƙin ƙarfe tun safe har la'asar? Ina fata ba su ƙara tsawo ba, don tun kana goye suka fi na zomo. Mu nan sai godiya. Matarka Mu'minatu tana gaishe ka, ko da yake ba ta ce in rubuta ba, ni na ara mata baki. Ka yi haƙuri da ajamina, ka san allona bai wuce izu biyar ba.

Ka tuna zuwanka na ƙaramar salla? Muna zaune gindin dabino jirgi ya wuce gabas, na ce wai me kake yi musu da har ake biyanka, kai da ko jaki ba ka iya tuƙawa. Ka gyara zama ka yi mini karatu. Ka ce matuƙin da ya shiga uku a sama ba ya ihu yadda ya ga dama, kiransa iri biyu ne. In matsala ce mai ɗan jira, kamar wani ya kwanta ciwo a cikin jirgi, sai ya ce fan, fan, fan. In kuwa maganar rai ce, wuta ta kama ko inji ya mutu, sai ya ce mede har sau uku. Sannan ya faɗi ko shi wane ne, da inda yake, da abin da ya same shi, da abin da yake so a yi masa. Na ce ashe Turawa ma sun san sallama uku ce.

Darasin ƙarshe shi ya fi zauna mini. Ka ce da zarar wani gidan waya ya amsa ya ce ya ji, to kiran ya zama nasa. Kowa sai ya kame bakinsa, ko jirgin wane ne, don kada hayaniyar masu taimako ta danne muryar mai neman ceto.

Kai da bakinka ka ba ni kiran nan biyu. Ka ce tunda ni tsohuwa ce mai cika wa labari gishiri, ka kasa rarrabe kukana na gaske da na son goro. In rubuto ƙarami in abin na jira ne, babba in na rai ne. Ka ce ko a bakin aiki babban ya same ka, za ka cire ƙarfen daga kunne ka kamo hanya.

Ba zan ɓoye ba, ƙaramin na yi wasa da shi. Na yi maka fan-fan da akuyata ta kumbura, na yi maka da tabata ta ƙare, na yi maka ranar da kawai na yi marmarin ganin rubutunka. Amma babban, Allah shaida, na naɗe shi tare da likkafanina a ƙasan adaka. Ko da santsi ya kwashe ni a kan dutse na yi kwana goma sai an juya ni, ban taɓa shi ba.

Sai ƙyanda ta shigo unguwa. Ta kama 'yarka Lauratu, ta sake ta, amma ta bar mata idanu a rufe, suna ruwa, ba ta son haske. Muka wanke, muka yi tofi, muka yi duk abin da aka sani. Kwana na bakwai na buɗe idon dama na ga wani fari-fari kamar ƙwayar gero. Na san abin nan. Na gan shi a idon ƙanena tun kafin Turawa su zo ƙasar nan, kuma da sandar makanta ya ƙare rayuwarsa.

Ranar na ɗauko babban kira. Na rubuta shi sau uku, na bi ƙa'ida daki-daki: ni ce Iyatu, ina Garu, idon Lauratu ne, ka zo ka kai ta wurin masu maganin ido a Kano. Ban sa wasa ko ɗaya ba, ko maigida ban ce maka ba. Malam Jaji mai kai dabino birni ya tafi da ita, kwana biyar ya dawo mini da amsarka, layi ɗaya tal. Ka ce ka ji, kana tafe.

Washegari kawunka Uwaisu ya zo daga Kiyawa a kan jakinsa. Yana ganin yarinya ya ce a haɗa kaya yanzu, zai kai su bakin titi su tari mota. Mu'minatu har ta goya ta, ta ɗauki mayafi. Ni na tsaya a bakin zaure na hana. Na ce an amsa kira, in kuwa an amsa kowa shiru yake yi. Na ce in sun tafi za ku yi saɓani a hanya, kai ka san ƙofar likita, shi kuwa ko ƙofar gari bai sani ba. Na zayyana masa karatun wayar iska tiryan-tiryan, ina taƙama da ilimin jikana. Ya ce mini yarinya ba jirgi ba ce. Na ce ya rufe mini baki, ai ni na haife shi. Ya ja jakinsa ya koma.

Kwana goma sha shida ina hawa dutsen bayan gida, inda ake hango hanya. Duk mai keke sai in ce kai ne. Jirage suna wucewa, Lauratu tana jin ƙararsu daga ɗaki tana tambaya ko Babanta ne a ciki. Nakan ce mata a'a, shi ne mai amsa musu in sun yi kira.

Jiya Malam Jaji ya sake dawowa. Bai so faɗa ba, sai da na haɗa shi da Allah. Ya ce lafiyarka ƙalau, har ka yi kumatu. Ya ce ranar da ya miƙa maka takardata a gaban abokan aikinka ka karanta, kuka yi dariya, ka ce yau tsohuwa ta kai ga babban kira, an ƙara mata girma. A tsaye ka rubuta amsa don ka sallame shi. Ya kuma ce a makon nan Baturenku ya yaba maka, wai wani jirgi ya yi kira inji ɗaya a mace, kai ka fara ji, ka riƙe shi da magana har ya sauka lafiya. Madalla. Mutanen da ko sunan uwarsu ba ka sani ba.

Muntaka, na yarda ni na koya maka rashin gaskata ni. Wannan kason nawa ne, ina ɗauke da shi, ba na neman mai kama mini. Amma da ka rubuto ka ce ba ka yarda ba, ko ka ce an hana ka izini, kai ko shiru ma ka yi, da tun ranar yarinya tana kan jakin Uwaisu. Kai ka koya mini nauyin kalmar nan. Ka jefo mini ita kamar ɓawon gyaɗa, ni kuma na ɗauka na toshe bakin kowa da ita.

Idon dama ya tafi, hakiya ta rufe shi ruf. Na hagu yana bin hannuna in na gifta. Saboda shi na aika wa Uwaisu na ba shi haƙuri, ni da furfurata. Gobe da safe za mu kama hanya, ni da shi da Mu'minatu da yarinya. Ka ce a ƙa'idarku mai kira shi ke janye kiransa. To, na janye nawa daga hannunka. Kada ka tarye mu, kada ka share ɗaki, a masaukin Malam Jaji za mu sauka. In kana son 'yarka ta gan ka, ka same mu asibiti, ka tsaya ta hagunta.

Ka gaida abokan dariyarka. Allah ya tsare, ya ba ka ladan jirage. Wassalam.

Ni ce kakarka,
Iyatu.

Af, kacici-kacici. Kurma ba ya hana mutum ci gaba da ihu. Amsar ita ce wanda ya leƙo rijiya ya ce ya tafi ɗauko igiya, ya koma ya yi zamansa.